Mun Gani da Idonmu

Holan,
14 ga Fabrairu, 2009

Zuwa ga Adda Habibatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da Goggo Bintu da ciwon gwiwarta. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da ya hana ni sakat, da kuma kewar fura. An ce kina cewa tun da na tsallaka teku na manta da dangi. Ban manta ba. Kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito, ko a gaban Turawa ke taubashiyata ce, sai dai ki yi haƙuri da ni.

Adda, na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Malaminmu na darasin mulki ya kai mu ƙauye wurin wani tsoho mai shanu sittin, daga shi sai matarsa. Ba ya kai madara ko'ina. Mota ce mai tanki take zuwa ƙofar gidansa, ranar da aka ce, a lokacin da aka ce. Na tambaye shi, in motar ba ta zo ba fa? Sai ya dube ni kamar na tambaye shi in rana ba ta fito ba. Hanya mai kyau, wuta ba ta ɗaukewa, ma'aikacin da ke gwada madarar ko goro ba ya karɓa. Shanunsu sun fi namu nono, gaskiya ne, amma ba shanun ne suka azurta su ba. Abin da hukuma ta ce za ta yi shi take yi, sai kowa ya saki jiki ya zuba ƙarfinsa. Madarar garin da kuke saye a gwangwani a kasuwar Wunti irin ta wannan tsohon ce.

To ga albishir. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin karatuna ta ba da tallafi a gina wurin tara madara a can Tirwun ɗinku, da tanki mai sanyaya ta. Ofishin shirin yana cikin Bauchi, wani Alhaji Ya'u ne shugabansa. Mata za su kawo madara da safe, a saye nan take, ba yawon talla a rana. Na gaya musu ina da 'yar'uwa a can wadda mata ke jin maganarta. Ki tara su ku yi rajistar ƙungiya. Ni kuma a kan wannan aikin zan rubuta kundin kammala karatuna, don haka duk abin da kika gani ki rubuto mini.

Taubashinki,
Jalo

Tirwun, Bauchi,
20 ga Afrilu, 2009

Zuwa ga Jalo, Baturen gidanmu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kake lafiya. Mu ma lafiya lau. Gwiwar Goggo Bintu tana nan yadda ka bar ta, bakinta ma haka. Ka ce kana kewar fura. Haba, babban mutum kamarka da fura? Ka ci gaba da shan ruwan zafi da burodi, ai shi ya dace da ku masu ilimi.

Na yi abin da ka ce, amma sai da na raina kaina. Sau bakwai ina zuwa ofishin rajista. Yau oga bai zo ba, gobe mai hatimi ya tafi jana'iza, jibi fayil ya ɓata. A zuwa na shida masinja ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, fayil ɗin nan ƙishi yake ji." Washegari na kai masa ƙwaryar kindirmo, sai ga fayil ya fito daga ƙarƙashin kujerar da yake zaune a kai. Ka sa wannan ma a kundinka.

Tara matan ya fi rajistar wuya. Alhaji Ya'u ya ce daga farkon watan Yuni kowa ta daina talla, don kada a buɗe wuri a rasa madara. Goggo Bintu ta ce ita kam a'a. Ka san shekara ashirin tana kai nono gidajen malaman jami'a a Yelwa, yaran da ta tarar ana goyo yanzu su ke buɗe mata ƙofa. Ta ce in ta bar gidajen nan sati biyu matan Zungur za su shige su, kuma ita ba ta taɓa ganin mai babbar riga ya cika alkawari ba. Na dafa ƙirji a gaban kowa na ce Jalo ne ya faɗa, ya gani a can, ni kuma na tsaya a kai. Ta dube ni ta ce, "To ba don Jalo ba, don ke, Habiba." Da ta yarda sai sauran suka biyo. Yanzu mu arba'in da uku ne, kowa ta yi sallama da masu saye a hannunta.

Gini yana tashi a bakin hanya, an kai linta. Ban ga turken wuta ko ɗaya a wajen ba, amma an ce yana zuwa. Ka sani dai ba ni da gona, ba ni da shago, maganata kaɗai nake da ita a cikin matan nan, kuma ita na jinginar saboda kai.

Addarka,
Habibatu

Tirwun,
9 ga Yuni, 2009

Jalo,

A tsaye nake rubuta wannan. Malam Jesse na Yelwa zai tashi zuwa ƙasarku gobe, yana jirana a mota. Lafiyarmu lau.

An ƙaddamar da wurin madara ranar Asabar. Kai, sannunka da ƙoƙari! Ci gaba ya zo mana har ƙofar gida. Ga tanki yana walƙiya, ga sanyi har baƙi suna taɓawa suna gyaɗa kai. Mu matan Tirwun mun gani da idonmu. Wahalar talla ta ƙare, yanzu sai mu miƙe ƙafa mu huta. Allah ya saka wa Alhaji Ya'u da daidai abin da ya yi mana.

Hannuna rawa yake yi, ba zan iya ƙarawa ba. Cikakken bayani yana tafe ta gidan waya.

Habibatu

Tirwun, Bauchi,
11 ga Yuni, 2009

Zuwa ga Jalo,

Bayan gaisuwa, jiki dai lafiya. Waccan gajeruwar da na ba Malam Jesse, ka san halina, haushi ne ya rubuta ta. Ga abin da ya faru tiryan-tiryan.

Ranar Asabar an kafa rumfuna, an jera kujeru, an kawo makaɗa. An raba mana atamfa iri ɗaya, aka zaunar da mu a gaba kowa da ƙwaryarta a cinya. Janareto yana ta ruri a bayan gini. Aka yi jawabi har muka ji yunwa, kowane mai jawabi sai ya ce shugabanci nagari. Aka yanke ƙyalle, muka juye madara a tanki, aka ɗauki hoto. Ba zan ɓoye maka ba, da na sa hannu na ji sanyin ƙarfen nan sai da na yi ƙwalla. Goggo Bintu ma ta shafa shi ta ce, "To, Habiba, na ji kunya."

Lahadi aka ce a huta. Litinin da sassafe muka ɗauro ƙorai, mu arba'in da uku, cike da tatson safe. Muna isowa sai ga babbar mota a ƙofa, ƙarti shida suna cicciɓar tanki. Na yi tsalle na tare su, na ce ɓarayi! Sai wani mutum ya fito, Anayo sunansa, mai ƙaramar masana'antar yogot a wajen Wunti. Ya cire hula ya ce da Hausarsa, "Hajiya, kai ba ka sani ba? Tanki nawa ne. Haya aka ɗauka, kwana biyu, da janareto." Ya juya shi ya nuna mini sunansa da fenti a baya, ta wajen da aka jingina da bango.

Na shiga ɗakin. Ba komai sai ƙyallen da aka yanke a ƙasa. Na ja makunnin wuta da ke bango, ya biyo hannuna, ko waya babu a bayansa. Manna shi kawai aka yi, Jalo.

Anayo ya tsaya yana kallon ƙoranmu, ransa ya ɓaci. Ya ce shi da garin madarar waje yake haɗa yogot ɗinsa, kuma da tamu za ta iso masa da sanyinta, duk zai saye. Ya ce ma'aikata takwas gare shi, da an yi abin nan da gaske da sun kai ashirin. Ka ji fa. Mai saye yana nan, masu sayarwa muna nan, shanu suna nan, abin da ya rage kawai wanda aka ba amana ya yi aikinsa.

Damina ce, ka san nono ya yi yawa. Mun mayar da shi kindirmo, amma wa zai saya? Goggo Bintu ta ja gwiwarta har Yelwa, ta tarar matan Zungur sun shige gidajenta kamar yadda ta faɗa. Kwana uku ke nan muna zubarwa a bayan gida. Duk unguwa tsami take yi, ƙudaje kamar a mahauta. Ni da aka hora in lashe ɗigon da ya zuba a hannuna, yau ni ke kifar da ƙwarya guda.

Na je ofis jiya. An ce Alhaji Ya'u ya tafi Abuja taron bita a kan shugabanci nagari, a sabuwar motarsa. Sakatarensa ya ce mini, "Hajiya, an riga an ƙaddamar, me kuma kike so?" Na ce ina so ya yi aiki. Ya ce wannan ba ɓangarensu ba ne.

Ka gaya wa ƙungiyarku maza, tun kafin a ƙara ba mutanen nan ko allura.

Addarka,
Habibatu

Holan,
2 ga Yuli, 2009

Zuwa ga Adda Habibatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Malam Jesse ya kawo mini takardarki. Alhamdu lillahi! Na karanta ta ya fi sau goma. Da na zo inda kika ce hannunki rawa yake yi, ni ma nawa sai da ya yi rawa. Ke da ba ki yabon kowa, yau ke ce kike sa wa ma'aikaci albarka. A gaya wa Goggo Bintu ta huta wa gwiwarta, lokacinta ne.

Ki yi haƙuri, ban jira izininki ba. Na juya maganarki zuwa Turanci, na sa ta a shafin farko na kundina. Na kuma kai wa ƙungiyarmu, sun buga ta a rahotonsu tare da hotonku da sunanki a ƙasa. Sun ce ba su taɓa samun shaida mai ratsa zuciya kamar wannan ba, musamman inda kika ce kun gani da idonku. Saboda ita sun amince a gina wasu wurare biyar a ƙarƙashin Alhaji Ya'u. Ni kuma sun yi mini alkawarin aiki a ofishinsu na Abuja da zarar na gama.

Kin ga abin da nake faɗa, Adda. Ba tsafi ba ne. In aka samu shugaba ɗaya mai riƙon amana, madara ta zama kuɗi, kuɗi su zama makarantar yara, haka ƙasa take tashi.

Doguwar takardar da kika ce tana tafe ba ta iso ba tukuna, ina zuba ido.

Taubashinki,
Jalo

Tirwun, Bauchi,
18 ga Agusta, 2009

Jalo,

Gaisuwa dai wajibi ce, na gaishe ka. Lafiyar jiki muna da ita.

Gatse ne! Gatse na yi maka, Jalo! Kai da muka tashi ina ce maka sannu da aiki in na tarar kana barci a gindin tsamiya shanu sun shiga gonar mutane, ka taɓa amsawa da yauwa? Yaushe na taɓa ce maka sannu da ƙoƙari da zuciya ɗaya? Na ce mun gani da idonmu. Eh, da ido muka gani, iyakar rabonmu ke nan. Na ce Allah ya saka wa mutum da daidai abin da ya yi. Wace uwa ce ta haife ka da ba ka san wannan ba addu'ar alheri ba ce? Shekara biyu kacal a ƙasar Turawa, kunnenka ya toshe?

Bari ka ji abin da ka jawo mini. Da na ji shiru daga wajenka, sai na rubuta takardar koke, mata arba'in da uku suka dangwala yatsa. Muka cika motoci biyu muka je ofis. Wannan karon Alhaji Ya'u yana nan, har ya sa aka kawo mana lemo. Ya saurare ni har na gama, yana murmushi. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wani littafi mai sheƙi, ya buɗe, sai ga hotona da ƙwarya a cinya. Ya sa sakatarensa ya mayar da abin da ke ƙasa zuwa Hausa, da ƙarfi, a gaban matan. Ci gaba ya zo mana har ƙofar gida. Mun gani da idonmu. Wahalar talla ta ƙare. Habibatu Modibbo, shugabar matan Tirwun. Ya ajiye shi kusa da takardar kokenmu ya ce, "To Hajiya, wanne za mu ɗauka, wannan ko wancan?"

Na buɗe baki in ce gatse ne, sai na ji yadda maganar za ta fito, na rufe. Wa zai yarda? Ga shi da Turanci, ga hoto, ga sunan ubana.

Goggo Bintu tana riƙe da hannuna saboda matakala. Ta zare nata. A nan cikin ofis, a gaban masinjan nan mai ƙishi, ta ce, "Habiba, me aka ba ki?" Ba ta ɗaga murya ba. Ta sauka matakalar ita kaɗai tana dafa bango. A motar dawowa ba wadda ta zauna kusa da ni.

Yau sati uku ke nan. In na yi sallama a gidan suna sai hira ta mutu. An ce an ba ni fili a cikin gari, wasu sun ce kujerar Makka. Maigidan ya daina zama a majalisa. Takardarka ta murna kuma sai bayan kwana biyu da faruwar abin ta iso, na karanta ta a tsakar gida ina jin tsamin madarar da muka zubar. Wurare biyar! Mata ɗari nawa ke nan za a sa wa atamfa a ɗauki hotonsu?

Ba na neman tanki a wajenka yanzu. Sunana nake so. Da hannunka ka ɗauke shi, da hannunka za ka dawo da shi. Ka je ka gaya musu ƙarya suka buga, ka kuma rubuto da Hausa yadda matan nan za su ji.

Habibatu

Holan,
25 ga Satumba, 2009

Zuwa ga Adda Habibatu,

Assalamu alaikum. Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, ta watan Yuni da ta Agusta. Ta Yunin wata uku ta yi tana yawo, ambulan ɗin har ya yi baƙi. Na karanta, na koma na ɗauko gajeruwar, sai na ji muryarki a cikinta sarai, har da yadda kike taɓe baki. Wallahi kunya kamar in nutse. Abin da nake so in ji shi na ji. Ki yafe mini, Adda.

Amma ki dubi halin da nake ciki. Watan Nuwamba zan kare kundina, kuma a kan Tirwun na gina shi tun daga tushe. In na janye maganarki, ya rushe. Aikin Abuja ya tafi. Wataƙila ma ƙungiyar ta tattara nata ta bar Bauchi gaba ɗaya, kowa ya rasa. Kuma ke ma, da kin rubuta a fili tun farko, da ba a zo nan ba. Takarda ba ta ɗaukar murya.

Ga shawarata. Ki daure wata huɗu kacal. In na shiga ofishin, daga ciki zan gyara, a hankali, ba tare da hayaniya ba. Zan tabbatar an kawo muku tanki na gaske, kin ga sai mata su gane da kansu. Gyara irin wannan yana son dabara.

Ki gaida Goggo, in za ta amsa.

Ƙaninki,
Jalo

Tirwun,
12 ga Oktoba, 2009

Malam Jalo,

Na samu takardarka. Muna lafiya. Ka lura, a fili zan rubuta, tun da haka kake so.

In daure wata huɗu. Oga bai zo ba, mai hatimi ya tafi jana'iza, a dawo gobe. Na san wannan yaren, sau bakwai aka yi mini shi. Ban san har a Holan ana koyar da shi ba. Kai ma fayil ɗinka ƙishi yake ji, bambancinka da masinja kawai shi kindirmo ya nema, kai kujera.

Alhaji Ya'u ya ɗauki tankin Anayo haya kwana biyu ya nuna wa baƙi, amma shi ya mayar wa mai shi. Kai ka ɗauki maganata ka nuna wa naka baƙin, kana so ka riƙe ta wata huɗu. Ka koma wurin tsohon nan mai shanu sittin ka tambaye shi, motarsa da ba ta saɓa lokaci, masu gyara daga ciki a hankali ne suka kawo masa ita?

Jiya na wuce ta ƙofar Goggo Bintu tana wanke ƙwarya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ci gaba da wankinta.

Daga yau ba wasa tsakanina da kai. Kada ka ƙara ce mini taubashiya.

Habibatu Modibbo

Holan,
20 ga Nuwamba, 2009

Adda,

Assalamu alaikum. Na faɗa wa ƙungiyarmu gaskiya. Na kai musu takardunki duka, na yi musu bayanin mene ne gatse, abin ya ɗauke ni awa guda. Na janye kundina, malamina ya ce in sake daga farko, shekara guda. Maganar aikin Abuja ba wanda ya ƙara tayar da ita.

Ga wata takarda a ciki da Hausa, da sa hannuna. Na rubuta cewa ba a ba ki komai ba, ke ce ma kika fara kai kuka, ni ne na juya maganarki. Malam Jesse ya yarda zai zo ya karanta wa matan, don kada a ce ke kika ƙara gishiri.

Jalo

Tirwun, Bauchi,
10 ga Janairu, 2010

Zuwa ga Jalo,

Wa alaikumus salam. Ina fatan sanyi ya yi maka sauƙi. Muna lafiya, rani ya shigo, nono ya ja baya.

Wata mata daga ƙungiyarku, Madam Regina, ta zo ba sanarwa, a kan acaɓa. Ta tarar an ba da ginin ga mai hayar kayan biki. Rumfuna da kujerun da aka kafa mana ranar ƙaddamarwa su ne jibge a inda tanki ya tsaya. Ta ɗauki hoto, ta ja makunnin nan da na mayar, ya biyo hannunta. An dakatar da wurare biyar ɗin, namu ma ba maganarsa.

Kada ka ɗauka an hukunta wani. An mayar da Alhaji Ya'u wani ofis da ya fi wancan girma. An kafa kwamitin bincike, kuma ka san me? An ƙaddamar da shi, da rumfa da makaɗa. Tun ranar ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. A gari kuma yanzu cewa ake yi ni na kori ci gaba daga Tirwun. Anayo yana nan yana dama garin madarar Holan, mu muna nan da shanu. Tir da wannan hali.

Malam Jesse ya cika alkawari. Ya karanta takardarka a gindin tsamiyar nan taka, matan duk sun zo. Goggo Bintu ta ce a maimaita, aka maimaita. Sai ta tashi ta tafi gida. Na ce shi ke nan, na rasa ta.

Washegari ina share tsakar gida sai na ji sanda tana buga ƙofa. Ita ce, da ƙwarya a ka. Ba ta yi maganar ofis ba, ba ta yi maganar takarda ba. Ta ce, "Habiba, ɗauko taki mana, rana tana yi." Mota ta sauke mu a Yelwa muka bi gidaje a ƙafa. Cikin gidajenta na shekara ashirin, huɗu kawai suka karɓe ta. A kan hanyar dawowa gwiwar ta matsa mata, sai ta miƙo hannu ta kama nawa. Na yi kuka kamar yarinya, ita kuwa tana ta yi mini faɗa wai zan zubar mata da sauran nono.

Haka muke yi kullum yanzu. Tankin dai ba mu samu ba, kai ma ba ka samu kujera ba. In za ka sake kundin, ka fara da makunnin nan, ina ajiye da shi a cikin kwalla.

Saura magana ɗaya, kuma ka buɗe kunnenka da kyau, taubashina. Sannunka da ƙoƙari. Allah ya saka maka da daidai abin da ka yi mini. Wannan ka karanta shi yadda yake a rubuce, kada ka juya shi.

Addarka,
Habibatu